Tsatsa ba ta jin fenti: kira ga masu tsofaffin motoci da masu gyaran jikinsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da na san wasu masu karatu za su ce bai kai a kawo shi gaban jama'a ba, musamman a wannan lokaci da tsadar abinci da ta man fetur suka ishi kowa. Maganar tsatsa ce, wadda ke cin jikin tsofaffin motoci, da irin gyaran da ake yi mata a garejojinmu, wanda mafi yawansa kitso ne da kwarkwata. Na kwashe kusan shekara biyu ina fama da wannan lamari a kan motar da na gada daga mahaifina. Na yi asarar kuɗi sau ɗaya saboda rashin sani da son araha, kafin Allah ya haɗa ni da wani dattijo mai sana'ar fanal bita wanda ya zaunar da ni a kan benci ya nuna mini abin da ke ƙarƙashin fenti, kuma abin da na gani a wurinsa ne ya hana ni yin shiru.

Motar Peugeot 504 ce, wadda duk Bahaushe ya fi sani da Fijo, fara, haɗin Kaduna, mahaifina ya saye ta sabuwa a 1981. Wanda ya girma a wancan zamani ba ya buƙatar a yi masa bayaninta, amma saboda 'ya'yanmu ya kamata a faɗa cewa a Faransa aka fara fito da ita a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kakuri ta fara haɗa motoci a Kaduna. Faransa ta daɗe da daina ƙera ta amma Kaduna ta ci gaba da fito da ita har zuwa 2006. A zamaninta ita ce motar gwamnati, ita ce ta haya daga Kano zuwa Legas, ita ce ta kai amarya, ita ce ta kai mara lafiya asibiti cikin dare. Bayan rasuwar mahaifina, tamu ta yi shekara takwas a ajiye a gindin darbejiya a tsakar gida, mun lulluɓe ta da tamfol muna ganin gata muka yi mata. Ashe tamfol ɗin ya hana ta shan iska, ganyen bishiya kuma ya toshe kafofin da ruwa ke bi ya fita a ƙasan gilashin gaba, ruwan damina takwas ya rinƙa gangarawa ciki yana kwanciya a ƙarƙashin kafet.

Da na yi ritaya na ƙudurta tayar da ita, sai na kai ta wani gareji da ba zan ambata ba. Saurayin da ya karɓe ta ya zagaya ta sau ɗaya, bai ko durƙusa ya leƙa ƙasanta ba, ya yanka mini kuɗi, na taya, ya sallama, ya ce in dawo bayan kwana goma. Ranar da na koma na same ta tana walƙiya kamar amarya, maƙwabta suka fito suna sa albarka, ni kuma ina ta murna na samu aiki mai kyau a kan araha. Damina ɗaya ta wuce. Kafin a gama girbin gero sai ga ƙuraje sun feso a ƙasan ƙofofi da bakin fendar baya, kamar ƙurajen zafi a wuyan jariri, bayan 'yan makonni kuma wata tsaga ta bayyana a dokin ƙofar direba, jan ruwa yana tsattsafowa daga cikinta.

A nan ne wani abokina tsohon direban haya ya kai ni wurin dattijon da na ambata, mutumin da ya haura saba'in, wanda ya koyi aikin tun yana yaro a hannun ubangidansa a Sabon Gari. Bai tambaye ni wanda ya yi aikin farko ba. Ya shiga rumfarsa ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar lasifikar rediyo, ya naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti, ya rinƙa jan sa a hankali a jikin motar. A tsakiyar ƙofa ya manne, a kan rufi ya manne, da ya gangaro ƙasan ƙofar direba sai ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Malam, nan babu ƙarfe." Na ce, "Baba, to mene ne a wurin?" Maimakon ya amsa, sai ya ɗauki sukundireba ya soka a cikin tsagar ya ɓanɓaro wani dunƙule mai kaurin babban yatsana, launinsa kamar na sabulun wanki. Bayansa akwai guntun ragar waya irin ta tagar ɗaki, da takardar buhun siminti a dunƙule, da gwangwanin madara da aka buɗe aka daddake ya yi faifai, har rubutun jikinsa ana iya karantawa. Ƙarƙashin wannan tarkace kuma sai jiƙaƙƙen jan gari da ya zubo a tafin hannunsa, wanda shi ne abin da ya rage na dokin ƙofar motar mahaifina.

Abin da na fahimta daga bakinsa, na kuma tabbatar daga ɗan karatun kimiyyar da na yi a makaranta, shi ne tsatsa ƙarfen ne da kansa ya rikiɗa bayan ya haɗu da danshi da iskar oksijin. Idan ya rikiɗa sai ya kumbura ya fi girman asalinsa, ya zama ɓawo-ɓawo mai shan ruwa kamar soso, shi ya sa yake ture fenti ya yi ƙurji, kuma ɓawon yana riƙe danshin da zai ci ƙarfen da ke maƙwabtaka da shi. A jikin mota, tsatsa mai kisa daga ciki take farawa, a cikin kogon ƙofa da na dokin ƙofa da wuraren da aka haɗa falle biyu na ƙarfe, inda ido ba ya kaiwa kuma fenti bai shiga sosai ba tun daga masana'anta. Duk ƙurjin da mutum ya gani a waje, to aikin ya daɗe da nisa a ciki, abin da ya bayyana ƙarshensa ne kawai. Ƙarfen jikin irin waɗannan motoci bai cika wuce milimita 1 a kauri ba, kuma an ƙera su kafin kamfanoni su yawaita lulluɓe ƙarfen mota da zink kamar yadda ake yi wa kwanon rufi, don haka ba su da wata garkuwa sai fenti. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a mota tsagar ba ta wuce karcen tsakuwa ɗaya ko robar gilashi da ta bushe ba.

Mu mutanen Arewa muna da wata sa'a da ba mu san darajarta ba, domin busasshiyar iskarmu ta fi ta bakin teku tausayin ƙarfe. Motar da ta yi rayuwarta a Legas ko Fatakwal tana shaƙar iska mai gishiri da laima shekara da shekaru, wadda kuma aka shigo da ita ta Kwatano daga ƙasashen sanyi ta taka hanyoyin da ake watsa wa gishiri don narkar da ƙanƙara, gishiri kuwa ba abin da ya kai shi hanzarta tsatsa. Amma wannan sa'ar ce ta sa muka saki jiki. Muna da namu abubuwan da ke cin mota: lakar damina da ke maƙalewa a cikin fenda ta kwana tana jiƙe, ƙurar hunturu da ke taruwa a ƙasan ƙofa ta toshe kafofin tsiyayar ruwa, ruwan batir da ke ɗiga ya cinye mazauninsa, masu wankin mota da ke kwarara ruwa a ciki su mayar da kafet bai bushe ba. Duk wanda ya taɓa ganin bayan akori-kura da ta yi shekaru tana dakon buhunan takin zamani ko awaki zuwa kasuwar ƙauye ya san abin da taki da fitsarin dabba ke yi wa ƙarfe.

Dalilin da ya sa na ce maganar ta wuce ta kwalliya shi ne yadda aka gina motar. Babbar mota tana da ƙashin baya na ƙarfe mai kauri wanda aka ɗora jiki a kansa, amma Fijo 504 ta ɗaukar mutane, kamar yawancin ƙananan motoci, jikinta shi ne ƙashinta. Dokin ƙofa na dama da na hagu, da daɓen ƙasa, da ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi, da tulluwar da kan shokazoba na gaba ke zaune a ciki, su ne ke ɗauke da nauyin inji da na fasinja, su ne kuma ke karɓar duka ranar haɗari. Wanda ya cika dokin ƙofa da fila, wato ƙullun da ake shafe lotsawar jikin mota da shi kafin fenti, da takardar siminti ya zare wa motar haƙarƙari ya maye gurbinsa da alli. A Ingila, masu gwajin lafiyar mota na shekara-shekara sukan kayar da mota idan suka samu tsatsa mai tsanani a cikin tazarar santimita 30 daga inda aka ɗaure birki ko sitiyari ko shokazoba ko bel ɗin kujera. A nan kuwa na yi shekara arba'in ina tuƙi, an tambaye ni takardu ba adadi, amma ban taɓa ganin wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motata ba. Baba ya nuna mini wurin da ake kafa jak a gefen direba, ya danna shi da babban yatsa sai ya lotsa. Da tayata ta yi faci a hanyar Funtuwa na shiga ƙarƙashi, da wani ne yake rubuta maka wannan wasiƙa.

Ga yadda na ga ya yi aikin, domin kusan kullum ina wurin har yaransa suka fara kira na ɗan koyo. Da farko ya cire kujeru da kafet da robobi da kwalliyar ƙofofi, ya kankare fenti da fila har sai da farin ƙarfe ya fito, sannan ya kasa tsatsar gida uku. Wadda take sama-sama, ja ce kawai ba ta ci ƙarfe ba, burushin waya da samfefa sun ishe ta. Wadda ta yi zanzana, wato ta bar ƙananan ramuka amma ƙarfen yana da sauran ƙwari, sai a goge ta a shafa mata ruwan asid na fosfarik, wanda ke mayar da ragowar tsatsar cikin ramukan baƙa ta daina ci. Wadda kuwa ta huda, ko ta sa ƙarfe ya yi laushi kamar ganye, ba ta da magani sai yanka. A nan ne muka fara saɓani, domin ramin da ke daɓen gefen direba bai fi tafin hannu ba, amma ya zana alli ya kewaye wuri mai faɗin faranti. Na ce, "Baba, ai ɓarnar ba ta kai nan ba." Ya miƙo mini ƙaramar guduma ya ce in ƙwanƙwasa da kaina. A nesa da ramin ƙarfen yana amsawa da ƙara mai zaƙi, ina matsowa sai sautin ya mutu ya koma kamar ana bugun kwali. Ya ce daga inda ƙarar ta mutu har zuwa ramin duk gawa ce, kuma walda ba ta kama gawa. In an gwada sai wutar ta huda ta, ramin ya ƙara faɗi.

Bayan ya yanke, sai ya ɗora kwali a kan gurbin ya zana siffarsa daidai, ya yanka kwalin, ya gwada, ya rage, ya sake gwadawa, sai da ya zauna cif kafin ya taɓa ƙarfe. Ƙarfen facin ma bai yarda da kowanne ba. Ya aike ni in nemo rufin wata matacciyar Fijo a wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota, irin waɗanda ake samu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, domin rufi ne wurin da ruwa ba ya kwanciya, kaurinsa kuma ya yi daidai da na sauran jiki. Ya ƙi kwanon rufin ɗaki saboda ya cika sirantaka, kuma zink ɗin jikinsa yana ɓata walda yana tayar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi. Ya ƙi ƙarfen ƙofar gida saboda ya yi kauri, kafin ya narke na motar ya ƙone. Daga wannan rufin ya fitar da daɓe da ƙasan ƙofofi biyu da bakin fenda. Na ga ya ɗora falle a kan kututturen itace mai ɗan kwari a tsakiya yana bugu da guduma mai zagayayyen kai, yana juya shi kaɗan-kaɗan, har ya ɗauki lanƙwasar fendar, ya kuma fitar da layukan ƙarfafa daɓe ta hanyar buga shi a kan bakin tsohon ƙarfen dogo. Wuni guda cur ya tafi a kan guntun da bai fi tsawon hannuna ba.

Wurin haɗawa ne ake gane gwani. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗora faci a kan ramin ya hau gefensa, a zagaye shi da walda, kuma ita mafi yawan masu aiki ke bi. Illarta ita ce tsakanin falle biyun an bar wani siririn aljihu da ruwa zai shiga ya kasa fita, wato an gina wa tsatsa sabon ɗaki. A duk inda ido ke gani da inda ruwa ke bi, Baba baki da baki yake haɗawa, facin ya shiga gurbin kamar yadda tela ke sa ƙyalle a riga, ba tudu ba kwari. Kuma ba ya jan wuta a layi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, domin zafi yana sa siririn ƙarfe ya buɗe, in ya huce ya tsuke, ƙofa ta karkace ta yi tumbi. Ɗigo yake yi a nan, ya tsallaka can nesa ya yi wani, ya dawo, ya ajiye wutar ya ɗauki guduma da dunƙulen ƙarfen da ake tarba da shi ta baya ya daddaki ɗigon tun yana da zafi don ya saki, ya jira har ya iya ɗora hannu a wurin, sannan ya ci gaba, har ɗigo-ɗigon suka haɗe suka zama layi. Da wutar gas da kabaid yake aiki, wadda ta fi injin walda na zamani mai zaren waya zafafa ƙarfe, ya kuma ce da yana da injin da wutar lantarki tsayayya da aikin ya fi sauri, amma haƙuri yana rufe wannan giɓi. Abin da ya ƙi sam shi ne liƙi da sandar tagulla, wanda yara ke so saboda yana narkewa da wuri. Tagulla manne ƙarfe take yi, ba ta narkar da shi su zama ɗaya, kuma farin garin da ake tsoma sandar a ciki, in ya saura a wurin, shi ne zai tayar da fenti bayan 'yan watanni.

Kada a ɗauka ina cewa fila haramun ce. Tana da gurbinta, kuma Baba ma ya yi amfani da ita, amma bayan ƙarfe ya rufe ruf, an goge waldar, an haska fitila ta baya an tabbatar ko ƙofar allura ba ta rage ba. Aikinta share 'yan ƙananan kwarin da guduma ta bari, a kaurin da bai wuce milimita 2 ko 3 ba, kuma a motata duka bai ƙarar da rabin gwangwani ba, alhali mai gyaran farko ya shafe mini gwangwani huɗu da na biya da kuɗina. Fila tana shan ruwa, shi ya sa in an toshe rami da ita take tsotsar danshi ta baya ta riƙe shi a jikin ƙarfe, shi ya sa kuma kuskure ne abin da ake gani kullum a gareji, yaro yana goge ta da samfefa yana tsoma hannu a bokitin ruwa. Haka ma tokar firaimar nan da ake fesawa kafin fenti, ba ta hana ruwa shiga, amma sai ka ga mota tana yawo da ita a gari damina guda tana jiran mai ita ya samu kuɗin fenti. Firaima mai haɗi biyu da ake kira ifoksi ita ce ke toshe ƙarfe daga iska, ita ya kamata ta fara hawa, ciki da waje. Na nanata ciki, domin bayan walda, inda wuta ta ƙone duk abin da ke kare ƙarfen, nan ne wurin da tsatsa ke fara komowa, kuma nan ne wurin da mai mota ba ya dubawa. Baba ya bi duk haɗin da man toshe gaɓa, ya buɗe kafofin tsiyayar ruwa na ƙasan ƙofofi waɗanda na farko ya liƙe da fila, ya kuma fesa mai haɗe da giris a cikin kogon dokin ƙofa har ya rinƙa ɗiga kwana biyu. Tsofaffin direbobi baƙin mai suke zubawa, kuma ya fi babu, sai dai yana ɗauke da dattin inji yana kuma cin roba. Kwaltar da ake shafa wa ƙarƙashin mota tana da amfani a kan ƙarfe mai tsabta. A kan tsatsa kuwa bargo ce aka lulluɓa mata.

Akwai haɗarin aikin, wanda ba zan tsawaita a kansa ba. Kafin ya kunna wuta kusa da but sai da ya sauke tankin mai ya kai shi bayan rumfa, ya cire kan batir, ya ce tankin da ba kowa a cikinsa ya fi cikakke tashi, domin tururin fetur ne ke kamawa. Tukunyar kabaid ta haɗin gida, mai warin ruɓaɓɓiyar tafarnuwa, ita ma takan fashe in wuta ta koma da baya ta cikin tiyo, kuma abin takaici ne ganin yara suna walda da tabarau na kwalliya ko ma ido tsirara.

Ranka ya daɗe, da zan tsaya a nan da na zalunci saurayin nan na farko, domin rabin laifin nawa ne. Kuɗin da na taya shi ba zai sayi gas da ƙarfe da kwana arba'in na aikin hannu ba, shi ya sani, ni ma da na yi tunani da na sani. Mu masu mota ne muke zuwa gareji mu ce a ɗan shafa mata, biki gare mu ranar Asabar, ko kuma mu rage murya mu ce sayarwa za mu yi, kada a wahala. Mun koya wa masu sana'a cewa ƙyalli muke saye, su kuma suka daina sayar da abin da ba ma tambaya. Wanda ya shafe ruɓaɓɓiyar mota don ya kai ta hannun dillali ya tuna hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa a ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama: ban san wani kwatanci da ya fi wannan dacewa da dokin ƙofar motata ba, sai dai shi mai sayen hatsi asarar kuɗi kawai zai yi, mai sayen mota kuwa iyalinsa zai zuba a ciki ya hau babbar hanya.

Abin da ya fi damuna shi ne hannun da ya iya wannan aiki yana ƙarewa. Yaran da ke rumfar Baba su biyar ne, kuma ɗaya ne kawai yake da haƙurin zama a gaban kututture; sauran sun fi son aikin motocin yanzu, inda ake kwance fenda a ɗaura wata ta Kwatano a karɓi kuɗi kafin la'asar. Ban ga laifinsu ba, ciki ba ya jira. Amma ƙofofi da fendojin Fijo na gwanjo suna ƙaranci kowace shekara, masu sayen tsohon ƙarfe suna auna matattun motocin a kan sikeli suna kai su narkarwa, kuma ranar da suka ƙare ba abin da zai tayar da irin waɗannan motoci sai mutumin da ya iya fitar da fenda daga shimfiɗaɗɗen ƙarfe. Muna da Asusun Horar da Ma'aikata na ITF tun 1971, muna da hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha a Kaduna, muna da kwalejojin fasaha a jihohi, muna da ƙungiyar makanikai ta NATA. Ina kira gare su da su nemo irin waɗannan dattawa tun suna da sauran ƙarfi, a biya su su koyar, a haɗa abin da ke hannunsu da injinan walda na zamani. Mu da muka gaji maƙera tun kaka da kakanni, bai kamata a ce sarrafa fallen ƙarfe ya gagare mu ba.

Wani zai ce don me za a kashe wannan wahala a kan motar da ta haura shekara 40, ga motoci masu sanyaya ɗaki da ƙarancin shan mai. Amsata ita ce ban ce kowace tsohuwar mota ta cancanci a tayar da ita ba. Baba da kansa ya kori wani da ya kawo masa wata wadda tsatsa ta cinye har ginshiƙai, ya ce masa ya sayar da kayanta ya huta, kuma wannan ma gaskiya ce da ba kowane mai sana'a ke iya faɗa ba. Amma wadda ƙashinta ke da sauran rai, musamman haɗin Kaduna, shaida ce ta lokacin da ƙasar nan take haɗa motar da shugabanninta ke hawa, kuma ina so jikokina su taɓa ta da hannu. Ko da mutum bai damu da tarihi ba, abin da na bayyana ya shafi tasi da bas da akori-kurar da talaka ke shiga kullum, domin fila ɗaya ce, gwangwanin madarar ma ɗaya ne.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarka ta tura wakili ya zauna da masu wannan sana'a ya ji ta bakinsu, domin na tabbata suna da ƙorafi a kanmu fiye da wanda nake da shi a kansu. Ga mai niyyar kai mota gyara kuma, ya nemi a nuna masa aikin bayan walda kafin a shafa komai, ya leƙa bayansa da fitila, ya yi ciniki a kan ƙarfe daban, a kan fenti daban. Mai niyyar sayen tsohuwar mota ya tafi da maganaɗisu a aljihu, ya ɗaga kafet, ya cire tayar safaya ya duba gurbinta.

Tawa dai har yanzu tana rumfar Baba. An gama daɓe da dokin ƙofa biyu da fendar dama, saura ƙofar baya ta hagu, wadda ya ce ƙasanta gaba ɗaya zai sake. Fenti kuma ya ce sai ruwa ya ɗauke, amma kafin ƙurar hunturu ta sauko, wato muna da 'yan makonni ƙalilan a tsakani, in Allah ya kai mu. Tamfol ɗin na ba wani maƙwabcina yana shanya masara a kai.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta, daga Zariya